Ranar da Akawu Ya Canza Tanki

Shekara talatin da huɗu Akawu ya yi a gidan waya, a ɗakin baya inda ake ware wasiƙu, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa kama shi ya jefa wasiƙa a akwatin da ba nata ba. Ba akawu ba ne na gaskiya. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan saboda biro uku da kullum suke jere a aljihun rigarsa, sunan kuwa ya biyo shi har gida. Dogo ne siriri, mai sanyin murya, wanda ko faɗa yake yi wa yaro sai ka rantse haƙuri yake ba shi. Idonsa na karanta rubutun da mai shi ma ba zai iya maimaitawa ba. Amma in ka miƙa masa guduma, to ka nemo auduga da magani ka ajiye kusa. Sau ɗaya ya taɓa kafa ƙusa don rataye agogo. Kwana uku agogon ya yi a sama, a na huɗu ya sauko da guntun bango.

Gyare-gyare a gidan nan na matarsa ne. A ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti ta yi aiki, inda ake auna jini da fitsari, kuma tun tana amarya ta nuna masa irin hannun da Allah ya ba ta. A makonsu na biyu makullin ƙofa ya ƙi juyawa, ta kwance shi, ta ɗiga masa mai, ta mayar, shi yana tsaye a bayanta riƙe da tocila. Daga ranar ya sa mata Injiniya. Ita ma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Akawu, har 'ya'yansu biyu suka taso suna zaton haka aka raɗa wa iyayen nasu. Tana da wani jan akwatin ƙarfe na kayan aiki da ba mai taɓawa sai da izininta. Aikin Akawu shi ne haskawa da miƙa sifana, kuma ko sifanar ya miƙa sai ta ce ba wannan ba, ƙanwarta.

Shekarar da ya kwanta ciwon tsakuwar ƙoda, Injiniya ta ɗebi ruwan famfonsu a 'yar kwalba ta tafi da shi wurin aiki. Da ta dawo ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, kuma daga yau ba mai ƙara shan wannan a gidanta. Ta sayo matatar ruwa, ta wuni ranar Asabar a durƙushe tana haɗa ta a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke: fararen gwangwanaye uku a jere, wata doguwa a kwance a samansu wadda ta ce ita ce uwar tacewar, siraran bututai masu launi, da farin tanki kamar ƙaramin tulun gas. A sama, kusa da babban famfo, ta kafa wani ɗan siriri mai lanƙwasasshen wuya. Ta yi masa bayani cewa ruwan a ɗige yake fitowa daga uwar tacewar, shi ya sa ake tara shi a tanki, a cikin tankin kuma akwai wata roba kamar balam-balam da iskar da ke turo ruwan sama in an buɗe famfo. Akawu ya yi ta gyaɗa kai. Iyakar abin da ya kwasa a ranar shi ne wani barkwanci da ya yi shekaru yana maimaita wa baƙi, wai shi yanzu ya rasa ta cewa, in ya ce matata sai a tambaye shi ta falo ko ta kabad.

Abin ya fara ne bayan su biyun sun ajiye aiki, yara sun tashi. Babban yana aiki a wata ƙasa, Auta kuma ta yi aure a garin da sai an yi tafiyar awa huɗu a mota. Da farko ƙananan abubuwa ne, irin waɗanda ake ɗora wa tsufa a yi dariya. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta je kantin magani sau uku a yini guda ta sayo abu ɗaya. Sai wata safiya ya tarar da ita zaune gaban jan akwatin, filaya a hannunta tana jujjuya ta. Ta ɗago ta tambaye shi yadda ake kiran wannan abin. Ya yi dariya, a zatonsa tsokana ce irin ta kullum, ya ce ai ɗalibi ba ya koya wa malaminsa. Ita ba ta yi dariyar ba. Wannan dariyar tasa ta daɗe tana cin sa a rai.

Likita ya ce ciwon mantuwa ne, irin wanda ba ya komawa baya, magani sai dai ya rage masa gudu. Akawu, da ko ƙwai bai iya soyawa ba, ya koyi girki yana ɗan shekara saba'in. Ya koyi taje mata gashi, da yanke mata farce ba tare da ya taɓa nama ba, da amsa tambaya ɗaya sau ashirin kamar yanzu ya fara jin ta. Yara suka so a ɗauko mai kula da ita, amma abin bai yiwu ba, domin baƙuwar fuska ta zama dodonta. Ranar da mai gyaran firji ya shigo, banɗaki ta shige ta kulle kanta wajen awa uku, tana kuka tana cewa an zo kwashe mata yara. Tun daga ranar Akawu bai ƙara barin baƙo ya wuce bakin ƙofa ba, in ban da wata maƙwabciya, tsohuwar ƙawarta, da har yanzu take yarda da ita. Fita kuwa ta daina. Ko ƙafarta ba ta yarda ta tsallake dokin ƙofa.

Duk da abubuwan da suka zube daga kanta, ɗan siririn famfon nan bai zube ba. Tana da wani shuɗin kofi, da kanta take zuwa ta tara ta sha. In ka ba ta ruwa daga jug ko gora sai ta sansana ta ture, ta ce an sa wani abu a ciki.

Sai ga shi wata Talata famfon ya ba da rabin kofi ya koma ɗiga. Ta tsaya tana kallonsa, ta ajiye kofin ta koma falo. Akawu ya gwada dabaru. Ya tara mata a kofin nata tun kafin ta zo, ta ce ba a gabanta aka zuba ba. Ya ba ta shayi, ta kurɓa sau biyu ta bari. Kafin yammacin Laraba leɓɓanta sun bushe, ga magungunan da likita ya ce sai da ruwa mai yawa.

Ya durƙusa ya buɗe kabad ɗin, abin da rabonsa da yi har ya manta. A bayan ƙofar kabad ɗin ta jera ranakun da take canza gwangwanayen, da rubutunta mai kyau kamar na injin buga takarda. Layin ƙarshe ya karkace, ta rubuta rana da wata, ba shekara. A ƙasansa akwai lambar wayar shagon da ta sayo na'urar.

Da ya kira, mace ce ta ɗauka, mai fara'a a murya. Saboda sabo, bakinsa ya riga shi, ya ce matata ce ba lafiya. Mai shagon ta yi dariya, da alama ta sha jin wannan daga wurin dattawa, ta ce, "Wacce daga ciki, Baba?"



"Duka biyun, 'yata," ya ce.

Daga nan ba ta ƙara wasa ba. Ta sa shi ya girgiza tankin, ya ji shi da nauyi kamar dutse. Ta ce ya duba ta ƙasa zai ga wani ɗan baki irin na tayar keke, ya danna tsinken da ke tsakiyarsa. Ya danna da bakin biro, maimakon iska sai ruwa ya fesar masa a hannu. Ta ce to robar ciki ce ta fashe, ruwan na nan cike amma ba abin da zai turo shi, kuma ba a ɗinke ta, sai sabon tanki. Mai gyaransu ba zai samu zuwa ba sai bayan kwana huɗu. Akawu ya ce ko yanzu zai zo ba zai shiga gidan ba, ya gaya mata dalili a taƙaice.

Washegari da safe ya bar Injiniya da maƙwabciya ya tafi shagon. Matar ta ɗora sabon tanki a kan tebur, ta nuna masa komai da hannu, shi kuma ya zaro biro ya rubuta a takarda, ɗaya zuwa tara, har da ja wa wasu layi. Ta ba shi sabon bawul na roba, abin buɗe ruwa da rufewa wanda ake murɗawa a wuyan tankin, da farin tef ɗin nan da masu gyaran famfo ke naɗawa don kada ruwa ya yoyo. Ta ce iskar ciki ta riga ta auna masa, kada ya taɓa. Su ma gwangwanayen sun daɗe da neman canji, amma a fara da wannan. Da zai fita ta ƙara jaddada masa cewa bawul ɗin da hannu ake ɗaure shi.

Da ya dawo gida ya jira har Injiniya ta ci abincin rana ta kwanta. Ya ɗauko jan akwatin daga saman firji, yana jin kansa kamar ɓarawo, ya shimfiɗa tsumma, ya manna takardarsa a jikin kabad. Na ɗaya da na biyu suka tafi lafiya: ya rufe ruwan da ke shigowa, ya rufe bawul ɗin tsohon tankin. A na uku aka fara. An ce ya zare wani ɗan shuɗin maƙali kafin ya ciro bututun. Ya zare, abin ya yi tsalle ya ɓace. Ya yi ta jan bututun har yatsunsa suka yi ja, sannan ya tuna an ce sai an danna zoben da ke bakinsa. Ya jawo tsohon tankin waje da ƙyar, bayansa na ƙara, ya tura shi gefe. Ya naɗa tef a wuyan sabon, amma da ya fara murɗa bawul sai tef ɗin ya yi ta warwarewa yana fitowa kamar zaren tsohuwar riga. Ya ce ƙila haka yake yi. Ya haɗa bututu, ya buɗe ruwa.

Ba a jima ba wuyan tankin ya fara hawaye. Ya ƙara murɗawa da hannu, ɗigar ba ta tsaya ba. Ya kalli inda ya rubuta da hannu ake ɗaurewa har ya ja masa layi, ya kalli sifana, ya ce ɗan kaɗan dai ba zai yi komai ba. Ƙas ya ji. Bawul ɗin ya tsage, wani siririn ruwa ya fara fesowa, ya jiƙa takardar har rubutun ya narke, ya gangaro ƙasa ya bi gwiwoyinsa.

Akawu ya zauna daɓas a cikin ruwan. Ranar da likita ya gaya masa sunan ciwon bai yi kuka ba, haka ranar da ta kulle kanta a banɗaki. Yau a gaban ɗan guntun roba sai ya ji ƙirjinsa ya cika, ya rasa ma wane bututu zai kama.

"Malam, rufe ruwan tukuna. Yana can baya, ta hannun damanka."

Ya juya. Injiniya ce tsaye a ƙofar kicin, ɗankwalinta a karkace, tana kallonsa da fuskar nan ta girmamawa da take yi wa baƙi a da. Ta sha rikita ranaku, ta sha kiran Auta da sunan ƙanwarta da ta rasu, amma shi ba ta taɓa kasa gane shi ba sai yau. Ya jira ta firgita ta gudu. Ba ta gudu ba. Ko jan akwatin da ta gani a buɗe ne, ko ƙarar ruwan, Allah kaɗai ya sani. Ya miƙa hannu ya rufe ruwan.

Ta tattare zaninta ta durƙusa kusa da shi. Ta shafa tsagar da ɗan yatsa, ta ce da sifana ya ɗaure ko, ai roba ce ba ƙarfe ba. Ta cire fasasshen ta ajiye, ta sa shi ya matse tsohon tankin tsakanin gwiwoyinsa, ta kwance bawul ɗin da ke kansa, ta duba shi a haske ta ce wannan da sauransa. Ta kankare tef ɗin da ya naɗa da farcenta, ta naɗa sabo ta ɓangaren da za a murɗa, tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa har bakwai. Matar da jiya ta kasa ɓalle maɓallin rigarta, yau yatsunta na tafiya kamar ba abin da ya taɓa samun su. Ta ce ya haska nan. Ya ɗauki tocila ya haska.

"Ka dai iya riƙe fitila," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Kamar maigidana. Shi ma iyakar abin da ya iya ke nan."

Akawu ya tambaye ta ina maigidan yake.

"Yana wurin aiki. Biyar da kwata zai shigo, ba ya makara." Ta murɗa bawul ɗin da tafin hannu har ya zauna. "Shekara nawa muna tare, ban taɓa juyowa na ga hasken ya kauce ba. Ba kowa ke da wannan haƙurin ba. Amma kada ka gaya masa na ce bai iya komai ba. Ba zai ce uffan ba, sai dai ya yi ta ajiye abin a ransa."

Ya ce ba zai gaya masa ba.

Ta tura bututun har ya shige, ta ja shi kaɗan ta ji ya kama, ta nemi shuɗin maƙalin. Ya ce ya ɓata. Ta ce ya ɗaga gwiwarsa, sai ga shi a ƙarƙashi. Da ya buɗe ruwa suka tsaya su biyun suna sauraron 'yar ƙarar shigarsa. Ta goge wuyan tankin da gefen zaninta, ta jira, ta sake taɓawa. A bushe. Ta ce a bar shi ya cika, a zubar da na farko da na biyu, kada kowa ya sha.

Ya kama ta ta miƙe. Tana miƙewa ya ga abin ya fara janyewa daga idonta, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Ta kalli ruwan da ke ƙasa, ta kalli jiƙaƙƙen zaninta, ta tambayi wanda ya yi wannan ɓarnar. Sannan ta ja baya kaɗan, ta ce masa cikin ladabi ya yi haƙuri ya tattara ya tafi, maigidan ba ya nan, bai kamata baƙo ya daɗe ba.

Ya goge ƙasan, ya rufe akwatin, ya yi mata sallama ya fita daga gidansa. A matakalar bene ya zauna, ruwa na ɗiga daga wandonsa. Ya duba waya, biyar saura minti goma. Maƙwabciya ta fito zubar da shara ta gan shi, ta wuce. Biyar da kwata daidai ya tashi, ya murɗa makulli, ya yi sallama da irin muryar da yake shigowa da ita a da.

"Akawu, ka dawo? Ruwa ake yi a waje?"

Ya ce yayyafi ne. Ta ce ya je ya canza kaya kada sanyi ya kama shi, sannan ta ba shi labarin wani bawan Allah da ya zo gyaran famfo, dattijo mai ladabi, amma bai san hagu da dama ba, har gara shi Akawun. Ya yi dariya har hawaye suka zubo. Ta tambaye shi lafiya, ya ce gajiya ce.

Washegari da safe ta tara shuɗin kofinta, ruwa ya zubo da ƙarfi ya cika shi. Ta shanye a tsaye, ta ƙara.

Da Auta ta kira ta tambayi wanda ya yi gyaran, ya ce Ummanku ce. Ƙarshen mako sai ga ta, ta kwana biyu tana kallonsa ta wutsiyar ido, tana tsoron ko shi ma ciwon ya fara taɓa shi. Bai yi mata bayani ba.

Daga ranar, duk lokacin da Injiniya ta dube shi da fuskar baƙi, sai ya fita ya ɗan zauna a matakala ya sake shigowa da sallama. Da farko dabarar na ci kusan kullum. Bayan wasu watanni sai ya fita sau biyu, sau uku, kafin ta gane shi. Daga baya ya shigo ta tambaye shi wa yake nema, ya sake fita ya dawo, ta sake tambaya. Bai ƙara jin sunan Akawu a bakinta ba. Ta dai yarda ya ci gaba da ba ta abinci da taje mata gashi, tana ce masa Malam, wani lokaci ta yi masa godiya ta ce in maigidanta ya dawo zai saka masa. Wata goma sha ɗaya bayan canza tankin ta daina tashi daga gado, ta yi mako biyu a haka, ta rasu wata safiya yana goge mata fuska da ruwan ɗumi.

Bayan wata biyu yara suka matsa ya koma wurin Auta. Bai yi musu ba. Ta zo da mota suka loda abin da zai loda, ya miƙa wa maƙwabciya makulli. Sun yi kusan awa biyu a hanya. Sai kawai ya fara magana yana kallon titi, ya ba ta labarin ranar nan tun daga kiran wayar har zaman matakala, bai rage ko kalma ɗaya daga abin da uwarta ta faɗa ba. Auta ta gangara gefen hanya kusa da wani gidan mai, ta kashe mota, ta kifa kai a kan sitiyari. Ya bar ta ta yi mai isarta, yana kallon manyan motoci na wucewa. Can ya miƙa mata hankici, ya ce ta share fuska su tafi, da sauran tafiya, kuma ba ya son duhu ya same ta tana tuƙi. Ta tayar da mota. Da suka hau titi ya tambaye ta ko ɗakin da ta gyara masa yana da taga. Ta ce yana da ita, babba ma, tana kallon hanya.